Lalurar Otizim Da Lasisin Bindiga: Ana Barin Jaki Ana Dukan Taiki

Duk lokacin da wani matashi ya ɗauki bindiga ya buɗe wuta a makaranta ko a kanti a ƙasar Amurka, tun kafin a gama ƙidayar gawarwaki za ka ga 'yan jarida sun bazama gidajen maƙwabta da na tsofaffin abokan karatunsa, suna neman a faɗa musu ko wane irin yaro ne. Amsar da suke samu kusan kullum ɗaya ce: shiru-shiru ne, ba shi da abokai, ba ya haɗa ido da mutane. Daga nan sai wani ya jefo kalmar otizim cikin zancen, kafin gari ya waye kuma an shiga muhawara a kan ko ya dace doka ta ƙyale mai irin wannan lalura ya mallaki bindiga. Na daɗe ina bibiyar wannan muhawara, duk da cewa ni ko harba-ka-ruga ban taɓa riƙewa ba, kuma ba na cikin masu ganin yawaitar makamai a hannun farar hula alheri ne ga kowace al'umma. Abin da ya ja hankalina shi ne, in aka tone rigimar har gindinta sai a tarar a kan ma'anar kalmomi ake yin ta, nazarin kalmomi kuwa shi ne sana'ar da nake ci da ita. Matsayina shi ne sunan lalura shi kaɗai bai isa ya zama dalilin hana mutum lasisi ba. Abin da ya kamata hukuma ta sa a sikeli shi ne halin mutum da ayyukan da aka ga ya aikata.

Ita kanta kalmar tana da tarihin da ya jawo mata baƙin jini. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ya yayata ta a 1911 daga kalmar Girkanci mai nufin “kai”, kuma ya yi amfani da ita ne wajen bayyana yadda masu wani nau'in taɓin hankali mai tsanani ke janye jiki daga duniya su shige cikin kawunansu. Sai a 1943 Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore ya ari kalmar ya laƙaba wa wata lalura dabam da ya lura da ita a jikin yara 11, shekara guda bayan haka kuma Hans Asperger ya yi irin wannan bayani a birnin Biyana. Tun daga wannan aro kalmar ta taho da warin hauka a jikinta, ba a kuma ba ta gurbinta na kanta a kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba sai a 1980. Abin da likitoci suka tsaya a kai a yau shi ne, otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun ƙuruciya. Yana shafar mu'amala da fahimtar nufin mutane, yana sa son maimaita abu ɗaya da ƙin sauyi, yana kuma sa ƙara ko haske ko taɓawa su dami mutum fiye da ƙima. Ba ya kawo jin muryoyi ko ganin abin da babu shi. A 2013 aka haɗe lalurar Asperger da sauran rassan ƙarƙashin suna guda, don haka a inuwar kalma ɗaya akwai wanda ba ya magana sam, ba ya iya yi wa kansa wanka, akwai kuma injiniya da likita da malamin jami'a. Yaro na farko a jerin Kanner, Donald Triplett, ya yi digiri, ya tuƙa mota, ya yi aikin banki shekaru da dama a garinsu na Forest a jihar Misisipi, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Yawansu ma abin dubawa ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoto a 2007 cewa yaro 1 cikin 150 na da lalurar a yankunan da take sa ido a kansu. A 2023 adadin ya koma 1 cikin 36, a Afrilun 2025 kuma 1 cikin 31 daga cikin 'yan shekara takwas. Masana da yawa na danganta wannan hauhawa da faɗaɗa ma'anar kalmar da kuma ƙaruwar gwaji. Ko ma mene ne dalili, duk dokar da za ta yi musu kuɗin goro miliyoyin mutane za ta hau kansu.

To me dokar Amurka ta ce? Dokar taƙaita makamai ta 1968 ta lissafa waɗanda aka haramta wa mallakar bindiga, kuma ta fuskar hankali ƙofa biyu kawai ta rufe. Ta farko, wanda kotu ko wata hukuma mai hurumi ta yanke cewa, saboda raunin ƙwaƙwalwa ko ciwo, ya zama haɗari ga kansa ko ga wasu, ko kuma ba ya iya tafiyar da al'amuransa. Ta biyu, wanda aka kwantar a asibitin masu taɓin hankali bisa umarnin hukuma, ba da son ransa ba. Takardar likita da ke cewa wane yana da otizim ba ta shiga ko ɗaya daga cikin biyun. Mai saye zai cike fom a shagon dillali, a tura sunansa ga rumbun bincike na hukumar FBI wanda ya fara aiki a 1998 bisa dokar Brady ta 1993, in babu hukuncin kotu a kansa sai a miƙa masa abinsa. Kalmar da dokar ta kira mutumin farko da ita kuwa tsohuwar kalma ce mai ɗauke da ma'anar “tauyayyen hankali”, irin ta zamanin da ake tsare naƙasassu a gidajen gwamnati ana yi musu dandaƙa. A 2010 Shugaba Obama ya sa hannu kan wata doka da ta goge makamanciyar wannan kalma daga dokokin ilimi da lafiya da ƙwadago, amma ta dokar bindiga aka bar ta yadda take. Haka kuma a shari'ar Heller ta 2008, da Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa riƙe bindiga haƙƙin ɗaiɗaikun mutane ne, alƙali Scalia ya ce hukuncin bai taɓa haramcin da aka daɗe da ɗora wa manyan masu laifi da masu ciwon hankali ba, ya kuma wuce bai fayyace su wa yake nufi da masu ciwon hankalin ba. A wannan giɓi ne muhawarar ke ta kai-kawo.

Mu duba manyan misalan da masu neman a hana suke kafa hujja da su. Ranar 16 ga Afrilu, 2007, wani ɗalibi ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech. Nan da nan aka yaɗa cewa yana da otizim, alhali kwamitin da gwamnan jihar ya kafa ya gano cewa abin da likitoci suka tabbatar masa tun yana yaro shi ne lalurar kasa magana a gaban mutane saboda tsananin fargaba, haɗe da ciwon damuwa. Abin da ya fi wannan muhimmanci, tun a Disambar 2005 wani alƙali ya yanke cewa yaron haɗari ne ga kansa, ya umarta a yi masa magani. Ba a tura sunansa rumbun FBI ba, shi ya sa ya sayi bindigoginsa biyu ba tare da wata tangarɗa ba. Wato dokar tana nan, hukuncin kotu yana nan, takarda ce ba a kai inda ya kamata ba.

Na biyu shi ne ya fi tayar da hankalin iyayen masu lalurar. Ranar 14 ga Disamba, 2012, Adam Lanza, ɗan shekara 20, ya harbe mahaifiyarsa a gida, sannan ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook a jihar Connecticut ya kashe yara 20 da manya 6. Shi kam an tabbatar yana da lalurar Asperger. To amma bindigogin ba nasa ba ne, mahaifiyarsa ce ta saye su bisa doka ta ajiye a gida inda hannunsa ke kaiwa, don haka ko da akwai dokar hana masu otizim lasisi, da ba ta tare komai ba. Rahoton ofishin kare haƙƙin yara na jihar, wanda ya fito a Nuwambar 2014, ya zayyana yaron da ya kulle kansa a ɗaki wata da watanni, ya rame har ya zama kamar kara, ga matsananciyar fargaba da waswasi da ba a yi musu magani ba duk da shawarar ƙwararru, ga shaƙuwa da labaran kisan gilla da ya ɗauki shekaru yana tattarawa. Masu rahoton sun ja kunne cewa kada a ja layi kai tsaye daga lalurarsa zuwa ta'asar da ya yi.

Bayan Sandy Hook gwamnatin Obama ta so ta cike rumbun da sunaye. A Disambar 2016 hukumar da ke biyan kuɗin tallafi ga naƙasassu ta fitar da ƙa'ida cewa duk mai karɓar tallafi saboda lalurar ƙwaƙwalwa, wanda kuma aka naɗa masa wakilin da ke karɓar kuɗin a madadinsa, za a tura sunansa a hana shi bindiga. An ƙiyasta abin zai shafi mutum wajen 75,000, kuma otizim na cikin jerin lalurorin. Sai aka ga abin mamaki: ƙungiyar masu rajin bindiga ta NRA da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU, waɗanda ba kasafai suke shan inuwa ɗaya ba, suka haɗu da ƙungiyar masu otizim da ke magana da bakin kansu, ASAN, wajen adawa da ita. Majalisar Wakilai ta soke ta da ƙuri'a 235 a kan 180, ta Dattawa da 57 a kan 43, Shugaba Trump ya sa hannu a ƙarshen Fabrairun 2017. Jaridu da yawa sun ba da labarin da cewa an buɗe wa mahaukata ƙofar sayen bindiga. Ni dai ban ga haka ba, ko da yake na san wasu daga cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar ba tausayin naƙasassu ne ya motsa su ba. Rashin iya lissafin kuɗin haya da na wuta abu ne dabam, zama haɗari ga rayuka abu ne dabam, kuma babu wata shaida da aka kawo da ta ɗaure na farko da na biyu.

A nan sai na tuna da karatun zaure. Malaman fiƙihu, a babin hana mutum tasarrufi da dukiyarsa, ba su tara kowa a kwando ɗaya ba. Sun bambanta mahaukaci da yaro da safihi, wato wanda ba ya iya tattalin dukiya. Safihi ana iya naɗa masa waliyyi a kan kuɗinsa, amma sallarsa da azuminsa suna nan, in ya yi saki ya saku, in ya yi laifi a hukunta shi kamar kowa. Gazawa a fage ɗaya ba ta zama gazawa a dukkan fagage ba. Haka kuma a maganar miƙa wa marayu dukiyarsu da ta zo a Suratun Nisa'i, jarraba mutum aka sa a yi har a ga shiriyarsa. Ƙa'idar 2016 ta rushe wannan bambanci ne da alƙalamin ma'aikacin ofis, ba tare da an kai mutum gaban alƙali ba.

Bincike ma bai goyi bayan masu kuɗin goro ba. Wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya bi matasa kusan 295,000 a lardin Stockholm na ƙasar Suwidin, ya nuna da farko kamar masu otizim sun ɗan fi sauran shiga laifin tashin hankali. Da aka ware waɗanda ke da wasu lalurorin a haɗe, musamman ta rashin natsuwa da gaggawar aikata abu da kuma ta kangarar ɗabi'a tun ƙuruciya, sai bambancin ya zube. Ma'ana, inda aka ga haɗari, daga abokan tafiyar lalurar yake fitowa, kuma waɗannan abokan tafiya haɗari ne ko a jikin wanda ba shi da otizim.

Misalin da ya fi koya mini darasi daga Ingila ya fito, inda riƙe bindiga alfarma ce da 'yan sanda ke bayarwa, kuma tun bayan kisan yara 16 da malamarsu a Dunblane a 1996 aka haramta ƙananan bindigogin hannu. Ranar 12 ga Agusta, 2021, Jake Davison, ɗan shekara 22, ya harbe mahaifiyarsa a unguwar Keyham ta birnin Plymouth, ya fita titi ya kashe wasu mutum huɗu, har da yarinya 'yar shekara uku da mahaifinta, sannan ya kashe kansa. Bindigar tasa ce, da lasisinsa. Da yake neman lasisin a 2017 bai ɓoye cewa yana da otizim ba, ya rubuta a fom. Saboda haka bayan abin ya faru aka yi ta kiran a sa lalurar cikin jerin abubuwan da ke hana lasisi. Amma mai karatu ya dubi abin da binciken kotu ya bankaɗo a 2023. Tun yana makaranta an san shi da duka, har malamansa ya taɓa kai wa hannu. Likitansa ya ce ba shi da ƙwarewar da zai ba da ra'ayi a kan dacewarsa da riƙe makami, 'yan sanda ba su bi sawu ba, suka ba shi lasisi a farkon 2018. A Satumbar 2020 ya lakaɗa wa wasu matasa biyu duka a wani filin wasa, maimakon a gurfanar da shi sai aka sa shi a wani shirin gyaran hali. An karɓe bindigar a Disamba, aka mayar masa da ita a Yulin 2021, makonni kaɗan kafin ya yi aika-aikar. Masu taimaka wa alƙali sun bayyana yadda ake tafiyar da sashen ba da lasisi na rundunar 'yan sandan yankin a matsayin mummunar gazawa. Mutumin da ya doki malami, ya doki yara a bainar jama'a, yana kuma yawo a zaurukan intanet na matasa masu ƙiyayya ga mata, ai ba sai an buɗe fayil ɗinsa na asibiti ba kafin a san bai dace da bindiga ba. Gyaran da gwamnatin Birtaniya ta yi daga Nuwambar 2021 shi ne ba a ba kowa lasisi sai an ga bayanin likitansa, a 2025 kuma aka ƙara yawan masu tsaya wa mai neman bindigar farauta daga mutum ɗaya zuwa biyu.

Sai dai zan zama marar adalci in na tsaya a nan, domin akwai inda hujjata take rawa, kuma ba inda jama'a suka fi zato ba ne. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, kuma kashi 54 cikin 100 nasu su suka harbe kansu. Wanda ya sha guba ko ƙwayoyi sau da yawa akan ceto shi, ya kuma rayu ya yi nadama. Wanda ya ɗora bakin bindiga a kansa, kusan tara cikin goma ba sa tashi. Wani babban nazari daga Suwidin da aka buga a 2016, wanda ya duba masu otizim sama da 27,000, ya gano cewa yiwuwar su kashe kansu ta ninka ta sauran jama'a fiye da sau bakwai, kuma abin ya fi tsanani a tsakanin masu kaifin basira, wato dai waɗanda za su iya shiga shago su cike fom da kansu. Kaɗaici da tsangwama da rashin aiki da ciwon damuwa su ke tura su. Saboda haka in ɗan'uwana mai wannan lalura da ke zaune a Amurka ya tambaye ni ko ya sayi bindiga, tambayata ta farko ita ce yaya zuciyarsa take a 'yan watannin nan, ta biyu kuma wa zai riƙe makullin akwatin. Wannan shawara ce ta 'yan'uwa da likita, kuma ita zan ba duk mai fama da damuwa, da otizim ko babu. Ban kuma musanta cewa akwai waɗanda lalurarsu ta yi nauyin da ba za su fahimci abin da kunamar bindiga ke haifarwa ba. Jihar Illinois, alal misali, tana hana katin mallakar makami ga wanda likitoci suka tabbatar naƙasar da ya taso da ita ta tauye shi ƙwarai wajen kula da kansa da fahimtar magana da yanke shawara. Ana iya sukar yadda ake aiwatar da wannan, amma aƙalla abin da mutum ke iyawa aka auna.

Hanyar da na ga ta fi kusa da daidai ita ce wadda jihar Connecticut ta fara a 1999, Indiyana ta bi a 2005, Fulorida kuma a 2018 bayan kisan mutum 17 a makarantar Parkland. A irin waɗannan dokoki, 'yan sanda, a wasu jihohin har da dangi, suna iya zuwa gaban alƙali da shaidar cewa wane ya yi barazana ko ya nuna alamar zai cutar da kansa, alƙali ya ba da umarnin karɓe makamansa na wani lokaci, shi kuma a ba shi damar kare kansa. A Yunin 2024, a shari'ar Rahimi, alƙalai takwas cikin tara na Kotun Ƙoli suka amince cewa wanda kotu ta samu barazana ce ta haƙiƙa ga lafiyar wani ana iya raba shi da bindiga na ɗan lokaci. Irin wannan ma'auni da zai kama ɗalibin Virginia Tech, da zai kama Davison, kuma da bai taɓa Donald Triplett ba.

Akwai wani ɓangare da ya shafi fagena kai tsaye. Duk tsarin da ya dogara da hira tsakanin jami'i da mai neman lasisi yana da tarko ga mai otizim, domin inda lalurar ta fi bayyana shi ne a abin da mu masu nazarin harshe ke kira ma'ana bisa yanayin magana: gane habaici, gane zolaya, sanin lokacin da tambaya take neman amsa da lokacin da take neman shiru. Na taɓa koyar da wani ɗalibi da ya haddace tsarin ajin aikatau na Parsons fiye da yadda ni na riƙe shi, amma in abokansa suka ce masa “kai dai ka kashe mu da karatu” sai ransa ya ɓaci, ya tsaya yana rantsuwa cewa bai taɓa nufin kowa da sharri ba. Daga baya danginsa suka kai shi ga likita aka gane abin da ke damunsa. Irin wannan yaro in jami'i ya tambaye shi ko ya taɓa jin kamar ya doki wani, zai ce e, domin gaskiyar ke nan ga kowane ɗan Adam, alhali mai wayo zai yi murmushi ya ce a'a. Ga kuma maganar ido. A wurin Bature, wanda ya ƙi haɗa ido da kai yana ɓoye wani abu ne. A wurinmu kuwa yaron da ya zuba wa babba ido shi ne marar kunya. Alamar da wata al'umma ke karantawa a matsayin rashin gaskiya, wata ladabi take gani. Kuskuren karanta irin waɗannan alamu yana kai wa ga jini: a Yulin 2016, a arewacin Miami, wani matashi mai otizim ya zauna a tsakiyar titi yana wasa da motar roba, aka kira 'yan sanda cewa bindiga ce, suka zo suka harbi mai kula da shi, Charles Kinsey, a ƙafa, yana kwance a ƙasa hannuwansa a sama yana yi musu bayani.

Sannan a yi tunanin abin da dokar hani za ta haifar a ɗakin likita. In iyaye suka san cewa sunan da za a rubuta wa ɗansu yana ɗan shekara biyar zai bi shi har tsufa yana tauye masa haƙƙi, da yawa ba za su kai shi gwaji ba. Babba mai zargin kansa da lalurar zai yi gum. Sai a wayi gari waɗanda suka fi buƙatar taimako su ne suka fi nisa da shi, bindigar kuma suna da ita, tunda babu takardar da ta ambace su.

Wani zai ce ina ruwanmu da rigimar Amurka da Ingila. Ruwanmu shi ne mu ma muna da irin wannan kalma a dokarmu, kuma daga hannun Ingila muka gaje ta. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta raba bindigogi gida-gida: manya sai da izinin Shugaban Ƙasa, na kare kai da na farauta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, na gargajiya kuma a matakin jiha. Ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce, da kuma wanda “hankalinsa ba daidai yake ba”. Ba ta faɗi ma'aunin wannan na ƙarshen ba. Maganar kuma ta daina zama ta littafi tun da 'yan bindiga suka addabi Arewa maso Yamma: a 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su nemi makamai su kare kansu, a Yunin 2022 kuma gwamnatin Zamfara ta sanar da raba fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar don neman lasisi, kafin hukumomin tsaro na tarayya su ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Da an aiwatar, wa zai tantance hankalin masu nema? Mai unguwa da ɗan sanda, da Hausa, da kalmomin da ke bakinsu.

Kalmomin nan kuwa su ne damuwata. Kafofin watsa labaranmu sukan fassara otizim da galahanga, su kuma kira wasu lalurorin haihuwa da ba su da alaƙa da shi da wannan suna. A kunnen Bahaushe galahanga hoto ɗaya take kawowa, na wanda ba ya iya yi wa kansa komai. Wanda lalurarsa ba ta kai can ba kuma sai a ce miskili ne, ko dolo, ko an yi masa shafar aljanu, in ƙaramin yaro ne har a ce ɗan ruwa ne. Da irin wannan ƙamus, ɗalibina mai haddar Parsons zai faɗi jarrabawar mai unguwa, shi kuwa mai fara'a da iya gaisuwa wanda matarsa ke kwana da kumburarren ido zai ci. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, tun a 2019 kuma muna da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, amma dokar makamai tana nan da lafazinta na zamanin Turawa. Duk ranar da Majalisar Tarayya ta zauna gyara ta, ina roƙon a cire wannan jimla a sa wadda ke buƙatar hukuncin kotu ko rahoton likitan ƙwaƙwalwa a kan haɗarin da mutum ke da shi ga kansa ko ga wasu, a ƙara tarihin dukan iyali cikin abubuwan da ke hana lasisi ko da ba a kai ga ɗauri ba, a kuma ba wanda aka hana damar ɗaukaka ƙara. Abokan aikina na sassan Hausa da editocin gidajen rediyo kuma, aikin da ke gabanmu shi ne mu zauna da likitoci da iyayen yaran mu raba wa kowace lalura sunanta, kafin a fassara fom ɗin.